Kiwon murjani a Maradi: tambayoyi da amsoshi kan ƙaramin tanki mai ƙarancin haske

Shekara uku ke nan da na ajiye tankin gilashi mai cin lita 60 a kusurwar ɗakina a unguwar Zariya, cike da ruwan gishiri, da kifaye biyu da murjani mai rai. Tun daga lokacin, duk baƙon da ya shigo gaisuwa sai hira ta karkata kan tankin. Wasu mamaki ke sa su tambaya. Wasu kuma, musamman samarin da suka saba da kifin ado na ruwan daɗi da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, so suke su gwada da kansu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda tare da amsar da nake bayarwa. Kusan kowa fargabarsa a kan fitila take, alhali a garin nan abin da ke kashe murjani zafi ne, da gurɓataccen ruwa, da yawan abinci.

Malam, wannan dutse ne ko tsiro?

Dabba ce, ko in ce taron ƙananan dabbobi ne da suka manne wuri ɗaya. Kowace tana da baki a tsakiya, kewaye da ƴan yatsu masu harbi da take kama abinci da su. Wasu suna gina wa kansu ƙashi mai tauri, wasu kuwa jikinsu tsoka ce zalla. Ranar da Inna ta fara ganin ɗayansu ya rufe baki a kan ɗan guntun nama, sai ta ja da baya ta ce, "Ɗan nan, ashe murjanin da muke sa wa amare rai gare shi?" Na ce, "Inna, dangi ne." Jan murjanin ado ƙashin wani iri ne da ake cirowa daga Bahar Rum, a wurare masu duhu, kuma ba a kiwonsa a gida. Na tanki ƴan ruwan ɗumi ne, asalinsu tekun Indunusiya, Ostireliya, gaɓar Kenya, Bahar Maliya da Karibiyan.

In dabba ce, me ya haɗa ta da haske?

A cikin tsokar yawancinsu akwai wata gansakuka ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, masana na ce mata zuzantele. Ita ke karɓar haske ta mai da shi sukari, kamar yadda ganyen hatsi ke yi a gona, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka. Shi kuma ya ba ta wurin zama da taki daga abin da jikinsa ke fitarwa. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Idan zafi ya tsananta ko haske ya wuce kima, sai murjani ya kori baƙuwar, ya yi fari fat, ya shiga rama. Wannan shi ne abin da ya auka wa babban tudun murjanin Ostireliya a 2016 da 2017, kuma shi ne zai iya faruwa a ɗakinka cikin ƴan kwanaki na watan Afrilu.

To mene ne ake nufi da ƙarancin haske? Wace fitila zan saya?

Akwai ma'aunin da ake kira PAR, na hasken da gansakukar nan ke iya amfani da shi. Murjani mai rassa irin Acropora yana son 250 zuwa sama. Waɗanda zan ba da shawara a kansu suna zama lafiya tsakanin 30 da 100. Na'urar auna PAR tsada gare ta, kuma mai ƙaramin tanki bai buƙace ta ba. Fitilar LED da aka ƙera don tankin ruwan gishiri, mai haɗa shuɗi da fari, mai ƙarfin wat 15 zuwa 30, ta isa tankin da zurfinsa bai wuce santimita 35 ba. A kunna ta awa 8 zuwa 9 a rana, kullum a lokaci ɗaya.

Sabon murjani a fara masa da rabin ƙarfin fitilar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako uku. Shi da kansa zai faɗa maka. In ya miƙe sama ya yi tsini kamar mazurari, haske yake nema. In ya takure, launinsa ya kwaye, ko ya saki dutsen da yake kai yana neman inuwa, an cika masa. Kada kuma a kai tanki bakin taga da sunan a ba shi hasken rana kyauta; ranar Maradi dafa ruwan za ta yi. A ganina ƙaramar fitila gata ce gare mu, domin ba ta ɗumama ruwa, kuma batir ɗin sola na ɗaukarta ba wahala.

Da wanne ya kamata in fara?

Da laimar kwaɗi. Haka nake kiran Discosoma da ƴan'uwanta Rhodactis da Ricordea, don faifai ne mai laushi a kan ɗan gajeren gindi. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai kore mai ratsi. Discosoma ta fi kowa haƙuri: tana son ƙasan tanki, haske kaɗan, ruwa mai tafiya a hankali. Tana matsawa a kan dutse sannu-sannu, tana barin ɗan guntun ƙafarta a baya, guntun nan kuma ya zama sabuwar laima. Guda uku na fara da su, yanzu sun rufe dutse guda. Rhodactis jikinta gashi-gashi ne kuma tana cin abinci sosai. Ricordea ta fi kyau, ta fi tsada, ta fi son haske kaɗan a kan sauran, don haka a bar ta sai hannu ya faɗa.

Na biyu bishiyar Kenya, wato Capnella. Kamar ƙaramar kuka take, launin ƙasa-ƙasa, tana kaɗawa da ruwa. Ba ta da ƙyale-ƙyale, amma ba ta cika mutuwa ba, kuma takan yar da ƴan rassanta su kama ƙasa su tsiro. Na uku koren tauraro, wani shimfiɗaɗɗen tabarmi mai ruwan shunayya da ƙananan taurari kore ke fitowa daga cikinsa, ka rantse fadamar Gulbi ce bayan ruwan sama. Sai dai yaɗo gare shi kamar kabewa. A ba shi dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi, in ba haka ba zai hau kan kowa.

Sai mai fata, Sarcophyton, mai kauri da faɗin kai. Yana jure matsakaicin haske, amma girma yake, kuma tanki mai lita 60 ba ya ɗaukar fiye da ɗaya. Akwai halinsa da ke tsorata sabon mai kiwo: lokaci-lokaci sai ya janye yatsunsa duka, ya yi sulɓi yana ƙyalli har kwana biyar ko mako, sannan ya saɓule wata siririyar fata ya sake buɗewa. Wanka yake yi. Kada a ciro shi, a dai ƙara masa motsin ruwa.

Maɓallai kuma, Zoanthus da Palythoa, suna da sauƙi da launi iri-iri, amma kafin ka taɓa su karanta amsar da ke kan dafi.

Masu ƙashi fa, babu wanda zai yi?

Akwai, bayan tanki ya yi wata shida lafiya. Dunkan, ɗan asalin Ostireliya, shi ne na fi ƙauna, domin yana ci ka gani, yana kuma fitar da sababbin kawuna a gindin tsofaffi. Caulastrea, wadda nake kira kakaki saboda siffar kawunanta, da Blastomussa da Micromussa, duk suna son inuwa-inuwa da ruwa mai laushin tafiya. Bambancinsu da masu laushi shi ne suna zuƙar kalsiyom da kabonet daga ruwa don gina ƙashi. Sai ka riƙa awo: kalsiyom tsakanin 400 da 450, KH, wato ma'aunin kabonet, tsakanin 8 da 9, maganiziyom wajen 1300. In kawunan ba su da yawa, canjin ruwa na mako-mako ya isa ya mayar da abin da suka sha.

Wanne ne kada in saya ko da an ba ni da araha?

Acropora da duk masu siraran rassa, don fitilarka ba za ta ishe su ba. Dendronephthya, mai ja da ruwan hoda kamar fure, wadda ko ƙwararru a Turai da wuya ta shekara a hannunsu. Goniopora ma ba ta sabon shiga ba ce.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne Tubastraea, mai ruwan lemo kamar rana. Mai sayarwa zai ce maka ba ya buƙatar haske ko kaɗan, kuma gaskiya ya faɗa, don a bakin kogunan dutse na ƙarƙashin teku yake zama, ba shi da gansakuka a jiki. Abin da hakan ke nufi shi ne duk abincinsa daga hannunka zai fito, kowane baki sai an ba shi nasa, sau uku ko huɗu a mako. Wannan yawan naman ƙaramin tanki ba ya iya narkar da dattinsa. Mai jure ƙarancin haske daban, wanda ba ya amfani da haske daban.

Da gaske wasu suna da dafi?

Da gaske, kuma ba na wasa da wannan maganar. Wasu nau'o'in Palythoa da Zoanthus na ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi munin dafin da aka sani a halittu, wanda masana suka fara warewa a 1971 daga wani Palythoa na tsibiran Hawai. Ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi, don haka a ɗauka duk suna da shi. Yana shiga ta ciwo a hannu, ta ido, ta baki, har ta tururi. A sa safar hannu da tabarau duk sanda za a taɓa su. Kada a goge dutsensu da buroshi a waje, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a dafa shi, domin an sha kwantar da iyali gaba ɗaya a asibiti a ƙasashen waje saboda shaƙar tururin. Dutsen da za a yar a jiƙa shi cikin ruwan jabel tukuna. Wanda ya ji ɗacin ƙarfe a baki, ko zazzaɓi da sarƙewar numfashi bayan aiki a tanki, ya tafi asibiti nan take, ya faɗa wa likita abin da ya taɓa. Gidan da ke da yara masu sa hannu a komai, shawarata a haƙura da maɓallai. Laimar kwaɗi ta isa ado.

Ga gishirin Bilma a kasuwa, don me zan sayi na waje?

Wani dattijo maƙwabcinmu ya taɓa kawo mini beza mai kyau cikin leda, ya ce, "Ɗana, ga na gida, ka huta da odar Turai." Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na kai wa uwargida ta sa a miya. Beza da kantu da gishirin leda duk ba su yi, domin ruwan teku ba gishiri ɗaya ba ne. Akwai maganiziyom, kalsiyom, fotasiyom, salfet, kabonet da wasu da dama, kowanne da gwargwadonsa. Gishirin tanki irin Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin an haɗa shi a kan wannan gwargwadon. Ana zuba wajen giram 36 zuwa 40 a kowace lita, a bar pampo ya kaɗa shi ya kwana, sannan a auna. Abin da ake nema a ma'aunin gishiri 1.025 zuwa 1.026 ne, wato giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa. A sayi rifiraktomita, wato ma'aunin gishirin ruwa, kuɗinsa bai kai na murjani ɗaya ba. Kanwa kuwa kada ta kusanci tanki da sunan gyaran ruwa.

Ruwan pampo ko na rijiya zai yi?

A'a. Na pampo akwai kulorin, na rijiya da na burtsatse kowanne da abin da ƙasarsa ta ba shi. Rijiyoyin da ke kusa da gonaki sukan ɗauki naitaret daga taki, kuma mu mutanen yankin nan ba mu manta da yawan fulorayid da aka samu a ruwan Tibiri ba. Abin da jikin mutum ke jurewa, murjani ba lalle ya jure ba, kuma duk abin da ya shiga tanki yana taruwa ne, don ruwa ke tashi ya bar shi. A sayi ƙaramar na'urar tace ruwa da ake kira RO mai haɗe da DI, da ɗan alƙalamin auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da ya fito ya nuna sifili ko kusa da shi. Ruwan da ke ɗiga daga kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya bi ta kan ƙarfe, wani lokaci jan ƙarfe, wanda ko ɗan kaɗan ne yana kashe murjani da dodon koɗi. Ruwan batir na bakin titi kuma wani an gauraya shi da asid.

Yaya, zafin bazara fa? Ai mu nan har 42 muke gani.

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 26. Yana jure 27 da 28. In ya daɗe a 30 zuwa sama, fari da mutuwa ne ke biyo baya. Ƙaramin tanki kuwa nan da nan yake ɗaukar zafin ɗaki.

A Afrilun shekarata ta farko ina da Xenia, wadda yara suka sa wa suna mai tafi, don yatsunta buɗewa suke suna rufewa ba hutu. Wata Laraba wuta ta tafi bayan azahar ina wurin aiki. Da na dawo bayan la'asar na buɗe ɗaki, iska mai zafi ta doke ni, ma'aunin da ke manne a gilashi ya nuna 32. Mai tafi ta daina tafi, ta kwanta a kan dutse kamar tsumma. Na sa ƙanƙara, na canja ruwa, amma kafin Juma'a ta narke ta zama majina, ruwan ya yi wari. Laimar kwaɗi ta takure kwana goma sannan ta farfaɗo. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin ni na rabo halittar nan da inda take lafiya, ban kuma yi mata tanadi ba.

Tanadin shi ne wannan. Tanki ya zauna a ɗakin da ya fi sanyi a gida, mai kaurin bango, ba mai rufin kwano kai tsaye ba. A buɗe samansa, a sa raga don kifi kada ya yi tsalle, a kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Hikimar randa ce: ruwa na tashi, sauran na sanyi. Busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu tana taimakawa ƙwarai, fanka kan rage digiri 2 zuwa 3, wani lokaci fiye. Da damina ta kusa, iska ta yi laima, aikinta na raguwa, a nan ne ake buƙatar kilim ko na'urar sanyaya ruwan tanki. A ajiye gorunan ruwa rufaffu a firigo su daskare don ranar gaggawa, a riƙa sa ɗaya-ɗaya, kada a faɗo da zafin gaba ɗaya. Ni da bazara na mai da lokacin fitila dare, ta fara daga magariba, don kada zafinta ya haɗu da na rana.

Fanka tana shan ruwa. Tankina kan rasa kusan lita biyu a rana da bazara. Gishiri ba ya tashi, saboda haka ruwan RO zalla ake cikawa da shi, safe da yamma, har layin da aka yi alama a gilashi. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu na yin sanyi sosai, sai a sa hita mai wat 50 a tsayar da ita a 25. Wanda ya san ba shi da halin riƙe ruwansa ƙasa da 28 a Afrilu da Mayu, ina roƙonsa kada ya sayi murjani tukuna.

In an ɗauke wuta na tsawon lokaci?

Duhu ba ya kashe su, suna iya kwana uku babu fitila. Tsayuwar ruwa ce ke kashewa, don iskar shaƙa na ƙarewa, kuma ruwa mai zafi ya fi saurin rasa ta. Pampon kaɗa ruwa da fanka su ne za a fara haɗawa da batir ɗin sola, fitila ta zo daga baya. A ajiye ɗan pampon iska mai aiki da batir. In babu komai, a ɗebi ruwan da moɗa mai tsabta a tsiyayo shi daga sama, sau da yawa, kowane minti 15 ko 20. Ranar da babu wuta ba a ba kowa abinci.

Dole ne in ba su abinci tunda suna cin haske?

Ya danganta da iri. Koren tauraro, mai fata da bishiyar Kenya kusan ba sa karɓar abinci daga hannu. Haske da abin da ya narke a ruwa daga kashin kifi ya ishe su. Discosoma na ci jefi-jefi. Rhodactis, Ricordea da Palythoa na karɓa. Dunkan, kakaki, Blastomussa da Micromussa kuwa suna ci da marmari, kuma a tanki mai ƙarancin haske abincin nan ne ke cike musu gurbi, su yi ƙiba su hayayyafa. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa.

Abincin da ya dace na teku ne: ƙananan jatan lande irin mysis masu zuwa a daskare, garin abincin murjani irin Reef-Roids, ko ɗanyen jatan lande na firigo da aka wanke aka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gero. A Maradi garin da busassun ƙwayoyi sun fi sauƙin ajiya, don daskararre in ya narke a hanya ya sake daskarewa ya lalace. Akwai kuma Artemia, wata ƴar mitsitsiyar jatan lande, wadda ake sayar da ƙwanta a bushe. Ana zuba rabin ƙaramin cokali a gorar lita ɗaya mai ruwan gishiri, a sa bututun iska, cikin awa 24 zuwa 36 su ƙyanƙyashe. A nan kam gishirin girki ya wadatar. A tace su, a ɗauraye, a bayar tun suna sababbi, lokacin da suka fi amfani.

Yaya ake ba su?

Bayan fitila ta mutu da kamar rabin awa, lokacin da masu ƙashi ke fito da yatsun farauta. Na kan fara ba kifaye nasu don kada su yi ƙwace. Sai in kashe pampo, ruwa ya tsaya cik. In dama abincin da ruwan tanki a ƙaramin kofi, in zuƙa da sirinji marar allura da na ƙara wa siririn bututu, in haska da tocila. In kai bakin bututun kusa da kan Dunkan ba tare da na taɓa shi ba, in saki ƙwaya biyu su sauka a hankali. Da sun taɓa shi sai ka ga yatsun sun lanƙwaso ciki ɗaya bayan ɗaya kamar hannun jariri ya kama ɗan yatsa, bakin da ke tsakiya ya buɗe fari-fari, ƙwayar ta nutse, kan ya dunƙule ya kumbura. Rhodactis ita kuma naɗe faifanta take gaba ɗaya ta zama kamar albasa. Ƴata ƙarama ba ta yarda ta kwanta ranar ciyarwa sai ta riƙe mini tocila.

Bayan minti 10 zuwa 15 a kunna pampo. Ni na kan sa ƙararrawa a waya, don mantuwa a nan kan jawo asarar tanki. Guntu kada ya fi bakin girma. In ya yi girma zai haɗiye, da asuba ya amayar, ya ruɓe a bayan dutse. Murjanin da ke rufe, ko sabon zuwa da bai yi mako ba, ba a tilasta masa.

Kirifish ko kifin Madarunfa ba za su yi ba?

Ba za su yi ba. Busasshen kirifish an yi masa hayaƙi, ga ƙura, wani ma an sa masa maganin ƙwari a ajiya. Tarwaɗa da karfasa na ruwan daɗi ne, kitsensu ba irin wanda ƴan teku ke buƙata ba ne. Kifin firigo mai maiƙo kuma shimfiɗa mai yake a saman ruwa.

Ta yaya zan gane na cika musu abinci?

Gilashi zai riƙa yin kore kullum, gansakuka mai gashi ta fito a duwatsu, wani jan yauƙi ya lulluɓe yashi. Awo zai tabbatar: naitaret ya zauna tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. In sun haura, a tsayar da ciyarwa mako biyu, a ci gaba da canja kashi 10 cikin 100 na ruwa kowane mako. Amma kada a bi tsabta har su koma sifili, domin masu laushi na ramewa su kwaye a ruwan da babu komai cikinsa. Kifi biyu ƙanana, kamar Amphiprion ocellaris mai ratsin lemo da fari, da ƴan dodon koɗi irin Trochus, sun isa lita 60. Maganin kifi mai jan ƙarfe kada ya taɓa shiga tankin murjani.

Ina ake samunsu, kuma yaushe zan sa na farko?

Ba kayan babbar kasuwa ba ne. Tsakaninmu da teku akwai fiye da kilomita 800, gaɓar Kwatano da Legas ma ba ta da irin wannan murjanin. Ta jirgi suke zuwa manyan birane, daga nan a biyo da su ta mota. Saboda haka a tsara saye tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a sa su cikin kula mai rufi, a riƙe ta a cikin mota kusa da mutum, ba a but ba. Daga Yamai kaɗai tafiyar ta haura kilomita 600. A fifita ɗan yanki da aka raina a tankin wani a kan wanda aka fasa daga teku. Ya fi juriya, kuma bai rage wa teku komai ba. Duk murjanin tanki mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ke ciki, don haka ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini.

Kafin nan tanki ya yi mako huɗu zuwa shida da dutse da yashi, har bakteriya masu narkar da datti su kafu, amoniya da naitarayit su nuna sifili. In kaya sun iso, a ɗora ledar a saman ruwa minti 20 zafi ya daidaita, a tsoma murjanin a maganin wanke ƙwari na murjani, a duba gindinsa da kyau ko akwai Aiptasia, wata ƴar ƙaramar halitta ruwan ƙasa mai harbin maƙwabta. Ruwan leda a zubar. A fara da biyu ko uku, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsu, a sa ɗan gawayin tace ruwa na tanki a matata saboda sinadarin da masu laushi ke saki don yaƙar juna.

Hajiya ta ce ba za ta daina turaren wuta ba. Akwai matsala?

Turare kaɗan daga wani ɗaki, da taga a buɗe, ba ya komai. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa su ne haɗari, don abin da ke kashe sauro na kashe ƴan ruwa. Ɗakin tanki gidan sauro ake kafawa. Hannun da ya sha man shafawa, sabulu ko turare a ɗauraye shi da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin ya shiga. Da hunturu kuma a rufe tagar da ƙura ke shigowa.

Zan yi tafiyar mako guda, wa zai ciyar da su?

Ba wanda zai ciyar da murjani. Bara da na tafi Damagaram biki, ƙanena na bar wa ɗakin. Na jera masa gorunan ruwan RO bakwai da ranaku a rubuce, na ƙulla abincin kifi na kowace rana a takarda daban, na nuna masa layin da ke gilashi da wayar batir, na ce, "Ƙanena, in ma'aunin nan ya kai 28 ka kira ni ko tsakar dare ne." Abincin murjani ban bar masa ko kaɗan ba, domin mako guda ba ya cutar da su muddin akwai haske da ruwa mai motsi. Sau ɗaya ya kira, ranar Lahadi da rana, na ce ya sa gora ɗaya ta ƙanƙara ya ƙara ƙarfin fanka. Da na dawo na tarar Dunkan ya fito da sababbin kawuna biyu a gindinsa, kowanne bai fi ƙwayar wake ba.